Tulun Yajin da Na Kai Gadar Zarmuna

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba tabarma, ya rataye sama ba igiya, nake farawa. Ku matso, ku da kuka haifa, da ku da aka haifa kuka manta, ku ji labarin tafiyar da na yi ta wata bakwai, ni Tasalla mai wankau ta garin Rafin Kanya, wadda kafin wannan shekara ko kasuwar ƙauyen gaba ba ta zuwa sai da rakiya.

Ba neman dukiya ya fitar da ni ba, ba kuma neman ilmi ba. Karatuna izu biyu ne, sai ɗan haɗa baƙin da zan karanta wasiƙa in mai rubutun ya tausaya mini. Ɗa gare ni guda ɗaya, shi ne na fari, shi ne na ƙarshe. Sunansa kuwa kada ku zuba kunne, domin a garinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari ko da wuta ta kama rigarsa. Wane nake ce masa. Shekara talatin ina ce masa Wane, bai taɓa kasa amsawa ba, musamman in abinci ne.

Shekara tara da suka wuce Wane ya tafi neman ilmin gini. Duk shekara fatake kan kawo mini wasiƙarsa guda, layi uku, biyu daga ciki gaisuwa. Ta ƙarshe ce ta zo da ƙari. Ya ce: “Iya, ki yi farin ciki. Na kusa gama babbar gada a Birnin Zarmuna, ranar buɗe ta kuma ni za a saka a kwando. Ba a taɓa yi wa baƙo wannan ɗaukaka ba.”

Na karanta sau uku, na ɗauka na kai wa mahaifinsa, Malam Barmo, yana gindin dalbejiya yana aikin da ya fi ƙwarewa a kai, wato zama.

Na ce, “Malam, a saninka me ake sakawa a kwando?”

Ya ce, “Kaji. Tumatir.”

“To ɗanka a cikin wanne yake?”

“Ke dai Tasalla ba ki rasa abin tayar da hankali. Mutum ya ce ɗaukaka ce, ki ce amin mana.” Ya jawo hula ya rufe fuska, aka gama shawara.

Kwana uku na yi ina dakan yaji: barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba, har maƙwabta suka kwashe kajinsu suka koma bayan gari. Na cika tulu, na ɗaure bakinsa da fata. Wane ba ya iya cin abinci ba yajina, shekara tara kuwa Allah kaɗai ya san abin da yake haɗiya. Na ɗora tulu a ka, na bi ayarin fatake.

Bayan wata biyu muka iso wani dutse da ya tare duniya daga kudu zuwa arewa, ƙofa ɗaya tak a jikinsa. A bakin ƙofar akwai wani ƙato, tsayinsa ya kai rimi, kunnuwansa kamar faifai. Aikinsa tun kakanni shi ne ya tambayi matafiyi sunan wanda zai je wurinsa. Wanda ya faɗa ya wuce, wanda ya kasa ya zauna a gefe. Na ga waɗanda suka zauna a gefen, har sun yi gonaki.

Ya sunkuyo ya ce, “Ke baiwar Allah, wurin wa za ki?”

“Wurin Wane.”

“Wane wa?”

“Ɗana na fari, ranka ya daɗe. Ka san dai ba a faɗa.”

“Ni ban san komai ba sai suna.”

Na ce, “To bari in kwatanta maka shi, in ka gane shi ai ka san sunansa.” Na ajiye tulu, na zauna, na faro tun daga laulayin cikinsa. Na ba shi labarin ranar haihuwa, da fitar haƙori ɗaya bayan ɗaya, da ƙyandar da ya yi, da tarin da ya biyo bayan ƙyandar, da maganin da aka ba shi, da wanda aka ce a ba shi na hana. Da azahar mun kai shekara biyu. Da la'asar ƙaton ya naɗe kunnuwansa ya danne da tafin hannu, ni kuwa na ɗaga murya don kada wani abu ya wuce shi. Na zo kan shekara biyar, ranar da Wane ya tumɓuke mini sandar igiyar shanya, sai ƙaton ya ce, “Dakata. Yanzu shekararsa nawa?”

Na ce, “Talatin.”

Ya lissafa da yatsu, idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗauke ni da ni da tulun ya ajiye a bayan dutsen, ya ce in na tashi dawowa in nemi wata hanya.

Daga nan sai Tekun Yashi, inda ba ruwa ko ɗigo amma da jirgi ake ƙetarewa, wasu guzaye masu girman giwa ke jansa. A tsakiyar tafiya yashi ya yi laushi, jirgi ya fara nutsewa, mai jirgi ya ce kowa ya zubar da rabin kayansa. Fatake suna jefa turamen zane suna kuka kamar an yi musu mutuwa. Ya zo kaina ya nuna tulun. Na jefa tabarmata, na jefa buta, na jefa zanen canji da takalmi, sannan na hau kan tulun na zauna.

Na ce, “In za ka jefa shi, sai ka haɗa da ni.”

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Wallahi Hajiya da hakan ya fi sauƙaƙa wa jirgin.” Allah ya shirye shi. Kafin ya yanke shawara guzaye suka fizga, jirgi ya fito, gwiwata ta hagu ta bugi katako. Tun daga ranar nake ɗingishi, kuma ku riƙe wannan ɗingishin, domin da shi na shiga Zarmuna.

Tun da sauran tafiyar yini na hango gadar. Birnin rabi biyu ne, tsakaninsu Kogin Haɗiyau, wanda faɗinsa sai ka kafa ido kafin ka ga mutum a ɗaya gaɓar. Hasumiya biyu na dutse sun tsaya, ɗaya nan ɗaya can, kawunansu a cikin gajimare. Igiyoyin ƙarfe biyu sun hau kan wannan, sun sauko sun yi ciki a tsakiya, sun sake hawa kan waccan. Daga jikinsu ƙananan igiyoyi ɗaruruwa sun zubo suna riƙe da hanya a sararin Allah, ba ginshiƙi ko ɗaya a cikin ruwa. Fatake suka yi ta salati. Ni kuwa na ce a raina, shekara tara yaron nan ya bar ni don ya zo ya ɗaura wa mutane igiyar shanya.

Ina shiga ƙofar gari na ji ganga. Dum, dum, dum. Na duba, ashe kowa da ita yake tafiya. Mai tallan nono, alƙali, tsohuwa mai sanda, duk ƙafar dama tare, ƙafar hagu tare, gari guda kamar mutum ɗaya. Ni kuwa gwiwata ba ta san wannan doka ba. In sun taka ni ina sama, in sun ɗaga ni ina ƙasa. Mata suka riƙa rufe wa 'ya'yansu ido.

Na gudu bakin kogi, na faɗa kwalekwalen wata tsohuwa mai fito, sunanta Inna Marka, fuskarta duk ta yamutse kamar busasshiyar kuɓewa.

Ta ce, “Zauna 'yar nan, a cikin jirgi ba a taku. Shi ya sa na zaɓi sana'ar. Baƙuwa ce ke?”

Na ce, “Uwar mai ginin gadar can ce.”

Ta saki filafili ta kama hannuna ta ce, “Allah ya ba ki haƙuri.”

“Inna, ai bai mutu ba!”

“Na sani. Sai jibi.”

Tana tuƙi tana ba ni tarihi. Ta ce shekara ɗari huɗu da suka wuce gaɓar nan biyu suka yi yaƙi, da aka sasanta sai aka kafa ganga, aka ce daga yau takun Zarmuna ɗaya ne, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Gadar farko ta kwalekwale ce, aka jera su aka ɗaure aka shimfiɗa katako. Ranar buɗewa gari duka ya hau da taku ɗaya, ta yi rawa ta watse. Majalisa ta zauna wata guda, ta gano laifin kifi ne, aka hana cin kifi shekara bakwai don a hukunta su. Ta biyu ta itace ce a kan dogayen ƙafafu, a zamanin kakarta. Ita ma ranar buɗewa ta tafi. Aka gano wani mai gyaran takalmi ne ya yi hamma. Ta uku ta sarƙa ce, wannan da idonta ta gani, ita ta yi ta tsamo mutane har hannunta ya sage. Aka ce sarƙar ce ba ta da tarbiyya, don daga wata ƙasa aka kawo ta.

Na ce, “Kwandon fa?”

Ta nuna mini da haɓa. Can ƙarƙashin tsakiyar gadar wani kwando na reto a jikin igiya. “Mai gini ke shiga, ya tsaya ya harɗe hannu a ƙirji har gari ya gama ƙetarewa. In ya kama igiya, ya nuna bai yarda da aikinsa ba. Muna girmama magina ƙwarai a garin nan. Dubi can.” A gaɓa na ga ƙubbobi uku na farin dutse, masu kyau kamar a shiga a zauna. “Ba kowa a ciki, kogi bai dawo da su ba. Waccan ta huɗun jiya aka gama shafenta. Ba a yi wa ɗanki ƙwauron dutse ba, gaskiya.”

A bakin gadar na same shi, yana tsaye cikin ma'aikata, ya tara gemu, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya gan ni, allon hannunsa ya faɗi.

“Iya! Ke da wa? Ta ina?”

Na ce, “Wane, haka ka koma? Ba su da tuwo ne a garin nan, sai ganga?”

Ya durƙusa ya gaishe ni, na kau da kai kamar yadda ya kamata, ina satar kallon ƙashin wuyansa. Kafin in kwance bakin tulu ya ja ni sai na ga aikinsa. Na lura shi ma da gangar yake taku, bai ma sani ba.

Ya nuna mini komai, bakinsa har kunne. Ya ce da zare guda aka fara, aka ɗaura a ƙafar shamuwa ta ƙetare da shi, zaren ya jawo kirtani, kirtani ya jawo igiya, igiya ta jawo waya. Na ce, “Yadda ake zura zariya a wando ke nan.” Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce kowace babbar igiya silin waya dubu bakwai ce, wani gargare ya yi shekara biyu yana kai da komowa yana jera su, sannan aka matse aka naɗe, mutum uku ba sa zagaye ta da hannu. Ya kai ni inda bakin igiyoyin ya nutse cikin wani curin dutse mai girman unguwa, ya ce wannan ne turken, hasumiya ɗaukar nauyi kawai take, turke ke riƙe ja. Ya ce da gangan aka bar igiyar ta yi ciki, in aka ɗame ta sai ta tsinke. Na ce, “Wannan ai a tsakar gidana ka gani.” Ya nuna mini gefen hanyar da aka saƙa kamar raga don iska ta wuce, da wasu haƙoran ƙarfe kamar matsefi a bakin gadar, wai in rana ta yi zafi ƙarfe kan miƙe, sai a ba shi wurin miƙewa.

“An gwada ta, Iya. Giwa ɗari uku da raƙuma dubu da kaya muka kora a kanta, ko gezau. Nauyin garin nan sau goma za ta ɗauka.”

Muna tsakiyar gadar sai ga dogarai arba'in sun taho daga ɗaya gaɓar, dum, dum, dum. Na ji ƙasa ta ɗan kauce ƙarƙashin ƙafata, ta dawo, ta sake kaucewa, kowane karo ya ɗara na baya kaɗan. Ƙananan igiyoyin suka fara wani kuka siriri. Da dogaran suka sauka, sai da ta jima kafin ta natsu.

Na ce, “Wane, giwayen nan naka, da ganga suka yi taku?”

“Giwa ina ruwanta da ganga, Iya? Kowacce yadda ta ga dama.”

“Ka tuna igiyar shanyata? Bargo ashirin jiƙaƙƙu take ɗauka, ba ta taɓa cewa uffan ba. Kai kuma kana shekara biyar, nauyinka bai kai na bargo biyu ba, ka kama ta kana lilo. In ta tafi ka bi ta, in ta dawo ka ƙara mata, kaɗan-kaɗan, har sanda ta tumɓuke ta fasa maka goshi. Ga tabon nan. Mutum arba'in ne yanzu suka wuce. Jibi nawa ne?”

Ya buɗe baki zai ce mini wannan ƙarfe ne, sai ya rufe. Ya shafa tabon. Na ga fuskarsa ta canja, na so a ce ni ce ban da gaskiya, kamar yadda Malam Barmo ya saba tabbatar mini.

Nan take muka nufi wurin Sarkin Taku, mai kula da ganga da ƙafafun jama'a, wani mutum mai suna Buwaida, rawaninsa ya fi shi nauyi. Wane ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙa a tsayar da ganga na rabin yini kawai, kowa ya ƙetare da takunsa.

Sarkin Taku ya ce, “A tsayar da me?” Fadawa suka yi ta neman tsari. “Gangar da annoba ba ta tsayar ba, gobara ba ta tsayar ba? Wa ya kawo wannan ilmi?”

Wane ya ce, “Mahaifiyata ce ta lura, ranka ya daɗe.”

“A wace makaranta ta yi karatun gada?”

Na ce, “A bakin rafi, ranka ya daɗe, shekara talatin da biyar ina shanya.”

Aka yi dariya, ita ma tare suka fara tare suka gama. Sarkin Taku ya share hawaye ya ce, “Mai gini, in kana shakkar gadarka ka faɗa. Mai shakka ma muna da al'adarsa: shi ba a ba shi kwando, haka nan ake jefa shi. Kana shakka?”

Wane ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce, “Ba na shakka.”

“Madalla. Ita kuma wannan baiwar Allah, tun shigowarta ake kawo mini ƙarar ƙafarta ta hagu. Jibi a zaunar da ita a bencin marasa taku, gindin ganga, ko Allah ya sa kiɗa ya shiga ƙashinta.”

Yini biyu na yi a gidan Inna Marka ina neman dabara. Na ce mu sace shi a kwalekwale, ta ce dogarai ashirin ke gadinsa, don girmamawa. Na ce mu huda gangar, ta ce fatar giwa bakwai ce. Ko yajin ban samu na ba shi ba.

Ranar ta zo. Da hantsi aka zura Wane a kwando, sanye da farar riga, aka sauke shi ƙarƙashin gada, ya harɗe hannu. Ni aka kai ni benci, rungume da tuluna, don ban yarda in bar shi a hannun kowa ba. Gangar na kan wani dandamali a gindin hasumiya, girmanta kamar rumbu, makaɗa goma sha biyu sun kewaye ta. Kusa da su sanƙira yana riƙe da wani dogon bututun tagulla da ake shela da shi, wanda in an yi magana a ciki har ɗaya gaɓar ake ji.

Sarkin Taku ya yi jawabi a kan hikimar magabata har rana ta take. Sannan ya ɗaga sanda. Dum. Mutum dubu ɗari suka ɗaga ƙafar dama.

Sahun farko bai kai rabi ba gadar ta fara. Ta tafi hagu, ta dawo dama. Mutane suka ji tana kaucewa, suka ƙara kafa ƙafa daidai da kaucewarta don kada su faɗi, suna ƙara mata ba su sani ba. Manyan igiyoyin suka fara gurnani, ƙananan suna kuka, ɗaya ta tsinke ta yi bulala a sama. Sanƙira ya sa baki a bututu ya ce, “Gada na taya mu murna! A riƙe taku!” Kwandon kuwa yana shillo kamar goran da aka rataye a iska, farar rigar na ciki tsaye ƙyam.

Na yi ihu, ganga ta haɗiye. Na roƙi makaɗin da ke kusa da ni, ko kallona bai yi ba. Sai na ji gefen mayafina ya tashi. Mai wankau ko barci take ta san inda iska ta nufa. Daga kogi take zuwa, ta bayana, ta bi ta kan benci ta nufi fuskar makaɗa.

Na dubi tulun. Wata bakwai a kaina, na ba da takalmina saboda shi, ko lasa yaron bai yi ba. Na ce bismillahi, na ɗaga shi sama, na maka a bakin dandamali.

Jan hayaƙi ya tashi ya rufe su. Na farko ya yi atishawa, gular kiɗa ta kuɓuce masa. Na biyu ya buga sau uku a jere yana neman numfashi. Wani ya bugi ganga, wani ya bugi maƙwabcinsa, wani ya faɗa kan fatar da goshi, ita ma ta ba da nata sautin. Mutanen Zarmuna kuwa, Allah sarki, ba su san tafiya ba sai da ganga. Kowa ya kama bugun da ya shiga kunnensa ya bi. Wani na tsalle, wani na ja da baya, alƙali ya taka wa liman riga, da yawa suka zauna daɓas suna kiran iyayensu. Tun da aka kafa garin ba a taɓa ganin rashin tarbiyya irin na ranar ba, ban kuma taɓa ganin abin da ya fi shi kyau ba.

Gadar ta fara sassautawa, amma abu mai nauyin nan ba ya tsayawa lokaci ɗaya. Kwandon har yanzu yana shillo, ɗaya daga igiyoyi huɗun da ke riƙe da bakinsa ta tsinke, ya karkace. Shi kuma gogan yana tsaye hannu a harɗe, yana kare mutuncin gada. Taurin kan gidan su Malam Barmo ne, ba daga wajena ba.

Sanƙira na durƙushe yana hawaye da majina. Na fizge bututun. Na ce, “Wane! Kama igiya!” Mutum dubu ɗari, rabinsu suka waiwayo, don kowa Wane ne. Shi bai motsa ba. Igiya ta biyu ta fara warwarewa, ina ganin silinta na tashi.

Na cika ƙirjina da iska da yaji, a gaban gari guda, maza da mata, na ce:

“KALLAMU! Kallamu, don ubanka kama igiyar nan!”

Ko daga nesa na ga ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. Hannuwansa suka warware da kansu suka cafke igiyar da kwandon ke rataye a jikinta. Bai gama kamawa ba kwandon ya kife, ya tafi, ya tafi, Kogin Haɗiyau ya karɓa. Shi kuwa yana nan rataye kamar rigar da na shanya, har ma'aikatansa suka jawo shi sama. Gadar ta yi ajiyar zuciya ta tsaya. Tana nan tsaye har yau.

Majalisa ta zauna kwana tara. Ta gano cewa makaɗa goma sha biyu sun samu ilhama daga magabata, suka fito da wani tsohon kiɗa da aka manta, mai suna Kiɗan Gada, wanda Sarkin Taku ya daɗe yana nazari a kai. Aka yi doka, duk ranar da taro zai ƙetare, a shaƙa wa makaɗa yaji. Batun kama igiya kuma, aka binciko cewa ba mai gini ne ya kama igiya ba, igiya ce ta kama shi, don girmamawa. Aka sassaƙa sunaye arba'in a jikin hasumiya, na Sarkin Taku a sama, na Wane can ƙasa inda awaki ke soshe-soshe. Ni kuma aka yafe mini laifin ƙafata ta hagu, bisa sharaɗin in koya wa matan fada dakan yaji. Ƙubba ta huɗu da aka rasa mai shiga, na roƙa aka ba ni, na ɗaura igiya daga ƙololuwarta zuwa ta uku. Wurin na da iska, kaya na bushewa da wuri.

Ranar da majalisa ta tashi na yi masa tuwo a gidan Inna Marka, miyar kuka, ba yaji ko ƙwaya, don barkonon garin duk fada ta kwashe. Ya ci loma uku, ya tsaya, yana murmushi a cikin gemu.

Ya ce, “Iya, ranar nan me kika ce ne ta bututun? Iska ta hana ni ji sosai.”

Na ce, “Cewa na yi Wane.”

“Mutum dubu ɗari fa sun ji wani abu daban.”

“Mutanen da ganga ta yi shekara ɗari huɗu tana dukan kunnensu, me suka iya ji?”

“Ko sau ɗaya, Iya. A hankali. Ba kowa sai Inna.”

Inna Marka ta ce ita kurma ce tun gada ta uku. Na juya masa baya ina gyara itacen murhu, don hayaƙi ya shiga mini ido.

Na ce, “Ci tuwonka, Wane. Ka rame.”

Nan na sauke kayan labarina. Wanda ya ce ƙarya ne, hanya na nan, ya je ya gani, sai dai in ya isa wurin ƙaton ƙofa kada ya ce ya san ni.